Daga Gwangzu Zuwa Bejin: Abin Da Na Ji Daga Bakin Ɗaliban Sin Game Da Masu Raunin Ƙwaƙwalwa

Galibin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin fatauci ne ke kai su, shi ya sa jirgin da ya ɗauke mu daga Adis Ababa zuwa Gwangzu ya cika da masu zancen kwantena da farashin yadi da na wayoyi. Ni kuwa sana'ata ita ce horar da malaman da za su koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma abin da ya fitar da ni daga gida shi ne in ji da kunnena yadda matasan wannan ƙasa, 'yan sakandare da 'yan jami'a, suke kallon mutumin da aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, wato wanda fahimtarsa da koyonsa suke tafiya a hankali tun yana ƙarami, wanda kuma bai kamata a haɗa shi da mai taɓin hankali ba. Binciken da gwamnatin Sin ta gudanar a faɗin ƙasa a shekarar 2006 ya nuna cewa akwai masu naƙasa miliyan 82.96, daga cikinsu miliyan 5.54 masu raunin ƙwaƙwalwa ne, kuma kashi uku cikin huɗu na masu naƙasar baki ɗaya a karkara suke zaune. Dokoki da tsare-tsare na riga na karanta su tun ina gida. Abin da takarda ba za ta gaya mini ba shi ne abin da ke cikin zuciyar yaron da za a ce ya matsa ya ba irin wannan ɗan'uwa nasa wuri a aji, alhali a abin da na sani daga aikina, wannan yaron ne yake tabbatar da ko doka za ta yi aiki ko za ta tsaya a kan takarda.

Wadda ta yi mini tafinta ɗaliba ce da ta karanci Hausa a wata jami'a a Bejin, abin da ba zai ba masu sauraron sashen Hausa na rediyon ƙasar Sin mamaki ba, tunda sashen yana watsa shirye-shiryensa tun 1963. A kwanakin farko da muka yi ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muna fita, na lura da layin rawaya mai gurza-gurza da aka shimfiɗa wa makafi a gefen titi da cikin tashoshi, na ga lif da gangaren keken guragu a kusan ko'ina, amma duk da cinkoson jama'ar Gwangzu, da ƙyar idona ya faɗa kan mutum mai larurar Down, wadda ake haifar mutum da ita kuma take shafar kamannin fuskarsa da saurin koyonsa, ko wani da alamar raunin ƙwaƙwalwa ta bayyana a gare shi. Da na tambaye ta, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Malam, tun daga firamare har na gama sakandare ban taɓa zama aji ɗaya da irin waɗannan yara ba. Suna gida ne, yawanci wajen kakanninsu." Ba ta faɗi haka da ƙyama ba. A ganinta gida shi ne inda ba wanda zai yi musu dariya, kuma iyalin da suka tsare ɗansu a ɗaki sun kare shi ne daga idon mutane.

Wannan amsa ita ce na yi ta ji a bakin ɗalibai daban-daban har ƙarshen tafiyar, kuma tushenta yana cikin matsayin da iyali yake da shi a al'adar Sinawa. Mutum a wajensu ba shi kaɗai yake tsaye ba, wakilin zuriya ne, ana sa ran ya ɗaga sunan gidansu, ya ciyar da iyayensa idan sun tsufa, ya haifi wanda zai ci gaba da kula da kaburburan kakanni. Yaron da ake ganin ba zai iya sauke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai lamarinsa ya zama sirrin gida, domin mutuncin iyali a idon maƙwabta abu ne da ake tattalinsa matuƙa. Tsofaffi, musamman a ƙauye, har yanzu wasu kan ce irin wannan haihuwa sakayya ce ta wani laifi da aka aikata a wata rayuwa da ta gabata, ko alhakin da iyaye ko kakanni suka ɗauka. Duk ɗalibin jami'ar da na tambaya ya ce shi bai yarda da wannan ba, ya kawo mini bayanin ƙwayoyin halitta da na wahalar naƙuda. Amma da na sake tambayar wata daga cikinsu ko za ta gaya wa dangin saurayinta tun farko cewa tana da ƙane mai wannan larura, sai ta ce za ta jira sai magana ta yi nisa, domin iyayen miji kan ji tsoron abin ya bi jini. Imani da camfin ya tafi, amma kunyar da ya haifar tana nan.

Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka yi aiki da ita daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta ƙara wa wannan nauyi tsanani, kuma yawancin ɗaliban da na zanta da su a ƙarƙashinta aka haife su. Idan yaro shi kaɗai ne, to iyaye biyu da kakanni huɗu duk a kansa suka ɗora tsammaninsu. Dokar ta ba da dama ga ma'auratan da ɗansu na fari ya zo da naƙasa su sake haihuwa, abin da a zahiri sauƙi ne, amma ya koya wa jama'a cewa yaron farko bai cika gurbin ɗa ba. A nan Gwangzu ne aka buɗe wani ɗakin ajiye jarirai a watan Janairun 2014, inda iyayen da suka kasa riƙon jaririnsu za su ajiye shi cikin aminci maimakon su yar da shi a titi, amma kafin watanni biyu su cika aka dakatar da shi bayan an karɓi jarirai 262, waɗanda suka zo da cututtuka ko naƙasa iri-iri, ciki har da larurar Down da shanyewar jiki da ciwon zuciya. Ban ga dalilin ɗora wannan duka a kan taurin zuciya ba. Kuɗin asibiti da rashin wanda zai taya riƙo suna iya durƙusar da uwa mai ƙaunar ɗanta, kuma rahotannin wancan lokaci sun nuna iyaye suna kuka a bakin ƙofar.

A wannan birni kuma wata mata mai suna Meng Weina ta kafa makarantar yara masu raunin ƙwaƙwalwa a 1985, sannan a 1990 ta kafa ƙungiyar Huiling domin manya, bisa ra'ayin cewa su zauna cikin unguwa tare da jama'a, ba a killace su a bayan gari ba. Irin wannan tunani ya yaɗu, kuma albarkacinsa na samu shiga wani ƙaramin gidan burodi da matasa masu wannan larura suke aiki a ciki. A bango an manna hotuna bi da bi da ke nuna kowane mataki, daga wanke hannu har zuwa fitar da faranti daga tanda, kuma a jikin sikeli an liƙa jan tef a daidai inda allura za ta tsaya, ta yadda wanda bai iya karanta lamba ba zai gane cewa curin ƙullu ya kai. Wani saurayi mai larurar Down yana yanka ƙullun, ya ɗora, ya leƙa allurar, ya gutsure kaɗan ya mayar, bai ɗago kai ba har sai da ya cika farantinsa.

Ranar ta dace da zuwan wasu 'yan jami'a masu aikin sa kai, kuma a nan na ga abin da nake nema a fili. Sababbin zuwa sun shigo da kyaututtuka, suna magana da wannan saurayi, wanda ya girme su, da muryar da ake lallashin ƙaramin yaro, har ɗaya daga cikinsu ta miƙa hannu za ta karɓe masa farantin don kada ya gaji. Mai kula da wurin ta dakatar da ita cikin ladabi, ta ce aikinsa ne, kuma a kansa ake biyansa. Can gefe kuwa akwai wani ɗalibi da aka ce ya daɗe yana zuwa, shi bai kawo komai ba, yana ta gardamar ƙwallon kwando da wani ma'aikacin wurin, kowa yana kare ƙungiyarsa, har muryoyinsu suka ɗaga. Tausayin sababbin na gaskiya ne, ban raina shi ba, amma wanda yake musu da mutum ya riga ya ɗauke shi a matsayin mai ra'ayi, kuma wannan matsayi ba a kai wa gare shi sai da zama tare.

Daga Gwangzu muka hau jirgin ƙasa mai gudun fiye da kilomita 300 a sa'a zuwa Shangai, birnin da ya karɓi gasar Special Olympics ta duniya a watan Oktoban 2007, wadda ta tara 'yan wasa masu raunin ƙwaƙwalwa kimanin 7,500 daga ƙasashe fiye da 160, shugaban ƙasa na lokacin Hu Jintao kuma ya halarci bikin buɗewa. Tun 2005 hukumomin birnin suka fara buɗe cibiyoyin yini a unguwanni, waɗanda suke kira gidajen hasken rana, inda matasa masu wannan larura ke koyon sana'ar hannu da kula da kai. Ɗaliban da na haɗu da su ƙanana ne lokacin gasar, amma kusan dukkansu sun san labarin Zhouzhou, ɗan birnin Wuhan mai larurar Down wanda ya tashi a cikin mawaƙan da mahaifinsa yake aiki tare da su, har ya yi suna yana tsayawa a gaban makaɗa da sandar jagora a hannunsa. Suna ba da labarinsa da alfahari, ni kuwa abin ya dame ni, domin girmamawar da ke jiran mutum ya yi abin al'ajabi kafin a ba shi ita ba za ta kai ga miliyoyin da ba za su taɓa hawa dandamali ba. A shekarar gasar ce dai aka bankaɗo ma'aikatun tubali a lardin Shanshi inda ake bautar da mutane ba albashi, cikinsu har da masu raunin ƙwaƙwalwa da aka yaudaro daga tashoshin mota da na jirgin ƙasa.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi fahimtar lamarin, shi ne Nanjin. A gefen kogin Cinhuwai, kusa da wurin ibadar Konfushiyas, tsohon malamin hikima na Sinawa, akwai ragowar babban filin jarrabawar zamanin sarakuna, wanda a ganiyarsa yake da ɗakunan zama fiye da 20,000, yanzu kuma an mayar da shi gidan tarihi. Na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan da aka sake ginawa, wanda bai kai rumfar mai sayar da katin waya ba, da katako biyu kacal, ɗaya na zama ɗaya na rubutu, idan dare ya yi a haɗa su a kwanta a takure. A irin wannan ɗaki mai neman muƙami yake kwana yana rubutu a zama uku, kowanne na kwana uku. Wannan tsari ya yi kimanin shekara 1,300 kafin a soke shi a 1905, kuma shi ne ya dasa wa Sinawa yaƙinin cewa ɗan manomi yana iya zama babban jami'in sarki idan ya yi karatu, cewa ƙoƙari yana rinjayar asali. Yaƙini ne mai kyau, ya fitar da gidaje da yawa daga talauci. Sai dai yana da wani gefe mai kaifi, domin idan darajar mutum tana fitowa daga abin da ya rubuta a takardar jarrabawa, wanda ba zai iya rubutawa ba ya rasa ma'aunin da za a auna shi da shi.

Magajiyar wancan tsari a yau ita ce jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, wadda galibi ake farawa ranar 7 ga Yuni, wadda kuma fiye da mutum miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024. Kafin ita akwai ta shiga babbar sakandare, wadda ke raba yara tun suna wajen shekara 15 tsakanin masu bin hanyar jami'a da masu tafiya makarantun sana'a. A wani aji na ɗaliban koyon malanta da aka ba ni damar zama da su, na tambaye su ko za su so a ce a shekararsu ta ƙarshe a sakandare an zaunar da yaro mai raunin ƙwaƙwalwa a kusa da su. Aka yi ta kallon juna, har wani saurayi daga baya ya miƙe ya yi magana, tafintata ta juya mini: "Malam, zan raba abincina da shi, zan raka shi gida idan ana ruwa, wanda ya zage shi kuma sai mun yi faɗa. Amma a waccan shekarar minti ɗaya da malami zai ɓata wajen maimaita masa darasi, daga rabona aka cire shi, kuma iyayena sun ci bashi a kaina." Ba wanda ya yi masa dariya ko ya musa, ni ma na gode masa, domin ya faɗi abin da sauran suke ɓoyewa.

Maganarsa ta yi daidai da abin da wani bincike da Gary Siperstein da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya gano, bayan sun tambayi 'yan ƙaramar sakandare 4,059 a ƙasar Sin. Yaran sun ɗauka cewa raunin irin waɗannan ɗalibai ya fi yadda yake a mafi yawan lokuta tsanani, sun yi imani ba za su iya bin darussan aji ba, kuma ba su son yin hulɗa da su a makaranta, musamman a aikin karatu. Binciken ya kuma nuna cewa gwargwadon yadda yaro yake ganin iyawar ɗan'uwansa, gwargwadon yadda yake yarda ya kusance shi. To ta yaya zai san iyawar wanda bai taɓa gani yana aiki ba? Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasar take da tsarin shigar da yara masu naƙasa cikin azuzuwan kowa da kowa, kuma ƙa'idojin da aka sabunta a 2017 sun ba wannan hanya fifiko. Amma ɗaliban da suka je koyon aiki sun shaida mini cewa sau da yawa yaron yana zaune a kujerar ƙarshe ne kawai, a bar shi da zane ko barci muddin bai yi surutu ba, saboda ana auna malami da matsakaicin makin ajinsa. A 2012 ma a birnin Shenjen iyayen yara 19 suka sa hannu a takardar neman a fitar da wani yaro mai larurar otizim, wadda ke shafar magana da hulɗa da mutane, daga ajin 'ya'yansu, lamarin da ya jawo muhawara a ƙasar baki ɗaya.

Duk da haka a Nanjin ɗin ne na ga masu juya wannan akala. A nan likita Tao Guotai ya fara bayyana larurar otizim a ƙasar a 1982, a shekarar ce kuma aka kafa makarantar horar da malaman ilimi na musamman wadda daga baya ta kai matsayin mai ba da digiri. Da yawa daga cikin masu karanta wannan fanni sun amsa cewa ba shi suka fara zaɓa ba, makinsu ne ya kawo su, kuma danginsu sukan tambaye su dalilin da zai sa mai digiri ya ƙare a koya wa yaro ɗaura igiyar takalmi. Wata daga cikinsu ta ce ra'ayinta ya sauya ne a lokacin koyon aiki, ranar da wata yarinya da ta yi makonni tana koya wa gane kuɗi ta je kanti ta sayi madara ta dawo da canji daidai. Ta ce a ranar ta gane cewa ita ma jarrabawa ce yarinyar ta ci.

Wani ɗalibi daga lardin Gansu ya kawo mana hoton karkara, wanda ya bambanta da na birni. Ya ce a ƙauyensu akwai wani mutum da kowa ya sani, yana kiwon tumakin ɗan'uwansa, duk gidan da ya shiga lokacin cin abinci sai an zuba masa, yara suna tsokanarsa, manya suna kwaɓarsu, tsofaffi kuma suna cewa wawa ma da irin tasa sa'ar. Ba a ɓoye shi ba, amma ba wanda ya taɓa tunanin kai shi makaranta. Yankunan duwatsu irin nasu sun daɗe suna fama da ƙarancin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, idan kuma ya sami mai juna biyu ya taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta, sai da aka wajabta sa aidin a gishiri a faɗin ƙasa a tsakiyar shekarun 1990 sannan matsalar ta ja baya ƙwarai. A wannan lardi ne kuma aka yi doka a 1988 da ta hana masu tsananin raunin ƙwaƙwalwa haihuwa, ta tanadi a yi musu aikin hana haihuwa kafin a bar su su yi aure, kuma dokar ƙasa ta 1994 kan lafiyar uwa da jariri ita ma ta sha suka daga masana na waje saboda kusancinta da wannan tunani na tace al'umma. Ɗaliban yau sun tashi suna jin zancen inganta nagartar jama'a a matsayin manufar ƙasa, shi ya sa da aka zo batun gwajin ciki, yawancinsu suka ɗauka cewa idan an gano larurar Down, zubar da cikin shi ne abin da mai hankali zai yi, har suna ganin jinƙai ne ga yaron. Na gaya musu a fili cewa ban yarda ba, cewa a addinina da kuma abin da na gani a aikina, ran wannan yaro cikakken rai ne. Sun saurare ni da ladabi, sannan wata ta tambaye ni wa zai riƙe shi idan iyayensa suka mutu, kuma tambayarta ba ta rainin hankali ba ce.

Su ma sun so su ji yadda abin yake a wajenmu, na kuwa gaya musu gaskiya. Na ce a unguwanninmu irin wannan mutum ba ya ɓoyuwa, yana sahun masallaci, yana gidan biki da na suna, kuma dangi suna da yawa, riƙonsa ba ya faɗawa kan mutum ɗaya. Amma na ƙara da cewa sau da yawa ana danganta larurarsa da aljanu, yara suna jifansa, wasu ana tura su bara, kuma duk da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, kaɗan ne daga cikinsu suke samun malamin da ya san yadda zai koyar da su. Ɗan Gansu ya ce ashe ƙauyensu da unguwarmu ba su da nisa.

A kan hanyar Bejin muka yada zango a Cufu, mahaifar Konfushiyas a lardin Shandon, inda na ga iyaye da 'ya'yansu suna rataya jajayen alluna ɗauke da fatan cin jarrabawa. Ana yawan ɗora wa koyarwar wannan malami alhakin duk abin da na bayyana, amma ni ina ganin hukuncin ya yi gaggawa. Shi ne aka ruwaito yana cewa a wajen koyarwa ba a bambanta mutane, kuma tsofaffin littattafan mabiyansa sun siffanta al'umma tagari da cewa ita ce wadda gwauraye da zawarawa da marayu da marasa 'ya'ya da masu naƙasa duk suke samun mai kula da su. Mengzi, wanda ya zo bayansa, ya kafa hujja da cewa duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya sai gabansa ya faɗi, ko da bai san iyayensa ba. Daga wannan rijiya tausayin ɗaliban nan yake ɗiban ruwa, kuma tausayi ne mai ƙarfi. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a cikin wannan tsari mai naƙasa yana cikin jerin waɗanda ake yi wa, ba ya cikin masu yi, kuma tunda kowa yana da matsayinsa da aikinsa tsakanin uba da ɗa, da wa da ƙane, da sarki da talaka, wanda aka ga ba shi da aikin da zai sauke sai ya zama abin riƙo har abada. Haƙƙinsa na ya zaɓi abin da yake so, ya yi aiki, ya yi abokai, shi ne sabon abu a kunnen yawancin waɗanda na zanta da su.

A Bejin na fi mayar da hankali kan hukuma da iyaye. Tarayyar masu naƙasa ta ƙasar an kafa ta ne a 1988 ƙarƙashin Deng Pufang, ɗan shugaba Deng Xiaoping, wanda ya gurgunce bayan ya faɗo daga bene a 1968 lokacin rikicin juyin al'adu, kuma matsayin gidansu ya taimaka wajen samar da dokar kare masu naƙasa ta 1990, wadda aka sabunta a 2008, shekarar da ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Doka ta wajabta wa ma'aikatu su ware aƙalla kashi 1.5 cikin ɗari na guraben aiki ga masu naƙasa ko su biya wani haraji, sai dai iyaye sun gaya mini cewa wasu kamfanoni kan rubuta sunan mutum a takardar albashi, su riƙa ba shi ɗan abin da ya samu, da sharaɗin ya zauna a gida. Iyayen nan su ne ƙashin bayan duk wani ci gaba da aka samu, tun daga Tian Huiping, wadda ta kafa cibiyar horar da iyayen yara masu otizim a wannan birni a 1993 saboda ɗanta, har zuwa ƙananan ƙungiyoyin da ke haɗuwa ta manhajar wayar hannu ta WeChat a yau.

A taron ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi na haɗu da wata ɗalibar shari'a wadda ita ce 'ya ta biyu da doka ta yarje wa iyayenta saboda larurar wanta. Ta ce tun tana ƙarama ta san dalilin haihuwarta, kuma kakarta takan gaya mata cewa ita ce sandar hannun yayanta. Tana ƙaunarsa, ba ta taɓa tunanin barinsa ba, amma ta ƙi yarda cewa ƙauna tana nufin ta yanke masa komai ita kaɗai, ko kuma ita kaɗai ta ɗauki nauyin da ya kamata unguwa da hukuma su taya ta. Tun 2017 dokar farar hula ta ba iyaye damar naɗa wa ɗansu waliyyi ta hanyar wasiyya, tanadin da ya shiga cikin kundin da ya fara aiki a farkon 2021, kuma a kan wannan take rubuta kundin kammala karatunta. Ita da wasu abokan karatunta suna zama da iyalai a ƙarshen mako, suna taya su rubuta abin da ɗansu yake ci da abin da yake tsoro da wanda yake yarda da shi da inda kuɗinsa zai fito, kafin a kai takardun wajen jami'in tabbatar da sa hannu. Ta ce ta kafa sharaɗi guda a wannan aiki, cewa ba za a cika takardar kowa ba sai mai ita yana zaune a wurin, an tambaye shi, an kuma jira amsarsa komai daɗewarta. Wasu iyayen sun ƙi da farko, suna ganin ɓata lokaci ne, amma a zaman da na halarta an tambayi wani mutum mai kimanin shekara 40 inda yake so ya zauna bayan mahaifiyarsa, ya ce ba gidan ƙanwarsa ba, yana so ya ci gaba da zama a unguwarsu saboda ya san direbobin bas ɗin da ke bi ta nan, aka rubuta haka a takardar.